Jifa da Jihwa

Unguwar Dosa, Kaduna
Farkon Satumba

Zuwa ga taubashiyata Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk wanda ya rage a Ƙauran Namoda bai gudo ba. Mu nan lafiya lau. Matata Rakiya tana gaishe ki. Ciwon ƙafarta yana nan, sai dai yakan ɗaga mata ranar da ake biki.

Tun da aka rufe layin waya a wajenku na koma ga abin da na fi iyawa, wato biro da takarda. Na ƙarar da ƙuruciyata ina gyara rubutun mutane a maɗaba'a, yau ga shi sana'ar ta yi rana. Tijjani direba ya ce zai riƙa kawo miki in ya yi lodin Gusau. Na roƙe shi kada ya karanta, ya rantse mini, saboda haka ki ɗauka mu uku ne muke wannan hira.

Yanzu ga labarin Mansur, ɗan farinki da kunya ba ta barin ki faɗi sunansa. Karatu yana tafiya daidai. Wasa ne ya tsaya. Kin sha tambayata wane irin abu ne wannan kurket da ya ɗauke masa hankali, ina ce miki ki bari sai mun haɗu. To ga shi a taƙaice. Ana kafa sanduna uku, mutum ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana gadi. Wani kuma ya sheƙo da gudu daga nesa, ya juya hannu ta saman kansa kamar fanka, ya sako ƙwallo mai taurin dutse. Ɗanki shi ne mai sakowa, kuma an ce duk garin nan babu mai saurinsa. Sauran mutane suna tsaye a rana cikin fararen kaya suna jiran wani abu ya faru, wani lokaci har a kira la'asar. Turawa suka ƙirƙiro shi, kuma ya yi kama da su.

Ya daɗe yana ɓoye mana ciwo a kafaɗar dama. Rakiya ce ta gano, da ta ga yana cin tuwo yana kai baki wurin hannu maimakon ya kai hannu wurin baki. Ni da farko ban yarda ba, don yaron ya yi ƙirji kamar ɗan dambe. Ya samo gwangwanin fenti biyu ya cika da siminti, ya soka musu bututun ƙarfe, kullum da safe ya kwanta a benci yana turawa sama yana nishi, har maƙwabta sun daina aiko tambayar ko lafiya.

Na kai shi asibiti, sashen gashin ƙashi. Likitar wata siririya ce da ba ta dariya. Ta ɗaga hannun, ta juya shi, ta danna wani wuri a bayan kafaɗa, sai ga jarumin naki ya yi kukan ɗan akuya. An ɗauki hoto, bai nuna komai ba, ƙashi lafiya lau. Ta ce jifa ne, kuma ba na yau ba ne, ya daɗe yana cinsa a hankali. Ta hana shi taɓa ƙwallo, ta hana shi siminti, ta ba shi wani motsa jiki da zai riƙa yi da roba.

Abin da ke damunsa shi ne bayan Maulidi za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha a wata gasa a Kudu. Abokinsa Yusuf, ɗan Abakpa, wanda a da sai Mansur ya gaji ake miƙa masa ƙwallo, shi ya hau gurbinsa. Yaron kirki ne. Kullum yana gidan nan, kwanonsu ɗaya, har Rakiya ta daina tambaya, ƙara hannu kawai take yi.

Kada ki tayar da hankalinki. Ki gaishe da 'yarki Mardiyya da ƙannenta.

Naki, wanda ya fi ki asali,
Ila

*

Ƙauran Namoda

Malam Ila,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, muna lahiya, in wanga zama shi ake kira lahiya. Kasuwa an ruhe, man hetur sai da awo, ba mu jin kowa, kowa ba ya jin mu. Ka gaishe min da Rakiya, Allah shi ƙara sauƙi.

Na karanta takardarka, na sake karantawa, na ba Mardiyya ta karanta min ko idona ne ke min gizo. Ila, kai wane irin mutum ne? Likita da bakinta ta ce maka jihwa ne, hoto bai nuna komi ba, kai kuma ka zauna kana ba ni labarin gwangwanin henti. Ka taɓa jin likitan asibiti ya hwaɗi irin wagga magana in ba abu ya hi ƙarhinsa ba? Matar nan ta taimake ku, ta hito hili ta gaya muku ku nemi na gida. Robar da ta ba ku ta sallama ce, don kada ku tahi hannu rabbana.

Tun bara nake ji a jikina. Yaro ya tahi birni, sunansa ya hito, ana nuna shi da yatsa ana cewa babu mai saurinsa. Ka ce kuma wani ya hau gurbinsa, kuma wanda ya hau ɗin kullum shina gidanku, hannunsa cikin kwanon ɗan naka. Ni ban ce komi ba. Ban kama sunan ɗan kowa ba. Na dai iya karatu, ko da ban kai ka ba.

Na je wurin malam, ga rubutu nan cikin galan na ba Tijjani. Shi sha sahe da marece, shi shahwa a wurin. Ga turare kuma. Amma malam ya ce wanga na tsari ne kawai, cirewa sai an je wurin wani mutum a ƙauye bayan Ƙaura, ana ce mishi Mai Ƙaho. Shina tsagawa shi kahwa ƙaho shi zuƙo abin da aka sa. Wata mata a layinmu an ciro mata allura daga gwiwa, da idona na ga allurar.

Ka sako min shi motar Tijjani in zai dawo. Makaranta ba ta gudu, wasa kuma ba ya gudu. Hannun dama ne, Ila. Da shi zai ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

Zancen asali kuwa, ba ni da bakin wasa yau. Ka ajiye shi, zan amsa maka.

Harira

*

Unguwar Dosa

Zuwa ga Harira,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fata ku ma haka. Galan ya iso, turare ya iso.

Da na karanta takardarki na yi dariya har Rakiya ta leƙo ta ga ko na fara taɓuwa. Sannan na tuna ni na rubuta maganar da hannuna, sai dariyar ta tsaya. Mutumin da ya yi shekaru yana cin mutuncin marubuta a kan waƙafi, ga shi ya aika wa uwa kalmar jifa ba tare da ya sa mata linzami ba.

Ki saurara da kyau. Jifan da likita take nufi na hannu ne, irin wanda kike yi wa kaji in sun shiga shanya. Wanda ya jefi ɗanki na san shi, ke kika haife shi. Abin haushin ma, a dokar wasan an haramta jifa. In ya lanƙwasa gwiwar hannu ya wurga kamar mai korar kare, alƙalin wasa zai hana. Dole hannu ya miƙe sambal ya zagayo ta sama. Turawa suna da kalma daban ga wannan. Mu kuwa muka tattara na kaji, da na Shaiɗan a Mina, da na maƙiya, da na kurket, muka zuba a buhu ɗaya. Likitar ta laluba buhun ta ba ni abin da hannunta ya kama, ni kuma na miƙo miki.

Ga abin da ya same shi. Akwai wasu ƙananan tsokoki a bayan kafaɗa. Su ke riƙe kan ƙashi a gurbinsa, su ke taka wa hannu birki bayan ya saki ƙwallo. Ɗanki ya yi ta ƙara wa mota inji da simintinsa, bai taɓa duba birki ba. Ga shi kuma ba ya hutawa, in an tashi daga fili shi sai ya tsaya yana ƙari. Kullum birkin yana cinyewa kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan ba ya fita a hoton ƙashi.

Maganin ba shi da kwarjini, shi ya sa kika raina shi, shi ma ya raina shi. An yanko tsohon tub ɗin keke an ɗaure a ƙarfen taga. Zai matse tawul a hammata, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ya riƙa jan robar zuwa waje a hankali, kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Sai ya fuskanci taga ya ja da hannu biyu har allunan kafaɗunsa su matso juna. Akwai kuma wanda zai kifa ciki a tabarma ya ɗaga hannuwa, babu komai a cikinsu, kuma ya yi ta gumi. Wannan ya fi ƙona masa rai. Mutumin da ke ɗaga siminti, yau iska ta gagare shi. Likita ta ce mai sako ƙwallo ja ya kamata ya fi yi a kan turi, kuma ƙarfin ma ba daga ƙirji yake fitowa ba, daga ƙafa da ƙugu yake hawowa, kafaɗa hanya ce kawai.

Yusuf da kika ce ba ki kama sunansa ba, shi ke tsaye a kansa yana hana shi ha'inci. In ɗanki ya ɗaga kafaɗa zuwa kunne don ya sauƙaƙa wa kansa, Yusuf ya danne ta ya ce a sake. In wannan ne maƙiyi, Allah ya ba ni irinsa biyu.

Rubutu ya sha, ni ma na kurɓa, sunan Allah ba ya cutarwa. Turaren ya kori sauro, mun gode. Amma ba za a tsaga kafaɗar nan ba, kuma ba zan sa shi a mota ya bi hanyar da ke kanki kika raba shi da ita ba. Ban nuna masa takardarki ba. Yana jin sauƙi. In ya yi haƙuri, wataƙila ya riski zaɓen, wataƙila ya jira na baɗi.

Naki,
Ila

*

Ƙauran Namoda

Ila,

Sallama. Muna nan da rai. Ina hwata kuna lahiya, tun da ba ku ga damar gaya min ba.

Wata ya kusa cika. Tijjani bai dawo ba, takarda ba ta zo ba, ɗa bai zo ba. Duk motar da ta tsaya a tasha sai na aiki Mardiyya ta duba, har 'yan kamasho sun san ta. Ɗayan biyu ne. Ko abin ya yi tsanani kuna ɓoye min, ko ka karanta takardata ka yi dariyarka ta 'yan boko ka ajiye ta cikin littattahwanka. Na san ka tun kana yawo ba wando, na san wanda ya hi kama da kai. Wasan taubasai shina da iyaka, Ila, iyakarsa ɗan mutum.

Na ba ka amanarsa lokacin da ubansa ya rasu don ka ce za ka riƙe shi kamar naka. Ban ba ka shi kyauta ba.

Wagga takarda na ba Uwani mai atamhwa, za ta Rigasa wurin ɗiyarta, ta yi min alkawarin kawowa har gida. Tun da kai ba ka jin maganata, ka karanta wa wanda ke ji. Ka ce mishi in ji ni: in Maulidi ya zo hannunsa bai koma yadda yake ba, shi tattara kayansa shi taho gida a yi mishi magani. In ya ƙara kwana a Kaduna bayan haka, ban yahe ba.

Tun da na haihe shi ban taɓa hwaɗa mishi wagga kalma ba. Kai ka ja.

Harira

*

Unguwar Dosa
Ana saura kwanaki Maulidi

Zuwa ga Harira,

Assalamu alaikum. Ni da Rakiya muna lafiya. Mansur ba ya lafiya, kuma wannan karon zan bi a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai tafiya a kan santsi.

Na amsa miki tun a makon da galan ya zo. Motar Tijjani ce ta mutu a Funtuwa, ta yi zamanta a garejin wani bakanike, takardata tana cikin aljihun gaban mota tana jiran gyara tare da ita. Yanzu ya tayar da ita, zai kawo miki waccan da wannan tare. Ki fara karanta waccan.

Uwani ta cika alkawari, ta zo har gida. Sai dai ta zo ina masallaci, Rakiya tana maƙwabta, Mansur ne a tsakar gida yana jan robarsa. Ta miƙa masa. Ya ga rubutun uwarsa da bai ji muryarta ba tun da aka rufe layi. Ko ni ne sai na buɗe.

Ya karanta ta shi kaɗai. Ya ninke ta ya ajiye mini a kan tebur. Ni da na karanta na ɗauka ni kaɗai na gani, na zauna ina shirya miki amsa mai gishiri. Shi kuwa ya karanta ki kamar lauya. Kin ce in hannu bai koma yadda yake ba ya taho gida. To in ya koma fa? Sai ya yanke shawarar ya mayar da shi da ƙarfi. Ya biya kemis ya sayi ƙwayar kashe ciwo, ya tafi fili, ya ce wa kocinsu likita ta sallame shi. Yusuf ya ce ƙarya ne, a gaban mutane. Suka yi cacar baki, Mansur ya ce masa dama gurbin yake so. Kin ga zarginki ya sami wurin zama, ko da yake ba ki kama suna ba, shi kuma bai ga waccan takardar ba.

An ce da farko ya yi kyau, har ya karya sanda ɗaya, yara suna ihu. Sannan ya sheƙo, ya juya hannu, ƙwallon ya tafi wani wuri daban, shi kuma ya zauna a ƙasa ya rungume hannunsa kamar an ba shi jariri. Yusuf ne ya kawo shi gida a Keke Napep, yana riƙe masa da takalma, ba sa magana da juna.

Likita ba ta yi faɗa ba, na so a ce ta yi. Ta ce tsokar ta fara yagewa. In ya bar ƙwallo gaba ɗaya na watanni, ya bi robar nan daki-daki, akwai kyakkyawan zato zai koma wasa. In ya sake gwadawa kafin lokaci, sai tiyata, bayan tiyata kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Yanzu jakarsa tana bakin ƙofa a ɗaure saboda maganarki. A ɗaya gefen kuma na samu labarin yana tambayar mai kemis ko akwai allurar da ke kashe ciwo na yini guda, saboda ranar zaɓe. Jiya na same shi zaune a ƙarƙashin taga, robar tana lilo a kansa.

Ya ce, "Kawu, in na tafi gida za a tsaga. In na zauna Inna ba ta yafe ba. In na yi wasa hannu ya tafi, in ban yi ba an tafi an bar ni. Kai da ka karanta littattafai, wanne ka zaɓa mini?"

Na ce, "Ka ci abinci tukuna."

Ya ce, "Shi ke nan abin da ke cikin littattafan?"

Na ce, "Akwai ƙari, amma duk a nan suke ƙarewa."

Bai yi dariya ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Harira, na gwada komai. Na yi masa bayanin inji da birki, ya ce ya gane. Likita ta nuna masa zane, ya ce ya gane. Koci ya yi masa barazana, ya ce ya gane. Duk wanda ya yi magana ya gane, kuma ina tabbatar miki ranar zaɓe zai sa fararen kaya ya fice ta bayan gida. A duniyar nan bakin mutum ɗaya ne na ga ya motsa yaron nan, kuma ba nawa ba ne. Layi biyu kika rubuta, ya tafi ya yaga kafaɗarsa.

Ba na ce ki yarda da fassarata ba. Ki riƙe jihwanki, in riƙe jifana. Roƙona ɗaya ne: ki ara mini bakin nan naki. Kin riga kin ɗaure shi, kuma na ga igiyar tana da ƙarfi. Ki kwance ta daga inda take ki ɗaura a inda za ta yi amfani.

Tijjani zai jira amsarki, na ce kada ya yi lodi sai da ita.

Ila

*

Ƙauran Namoda

Malam Ila,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Takardunka biyu sun zo tare, ɗaya tana warin baƙin mai. Na bi yadda ka ce, na hwara da ta hwarko.

Na ji hwassararka. Jihwan hannu, irin na kaji. To. Yara nawa ke juya hannu a hilin nan? Duk ba su da kahwaɗa? Duk sun duba birkinsu? Mi ya sa sai tasa, kuma sai da zaɓe ya matso? Ka duba min wanga a ƙamus ɗinka, in ka samu ka aiko.

Ta biyu kuwa ban iya gama ta a zaune ɗaya ba. Na ajiye, na yi alwala, na dawo.

Mai Ƙaho ba ya nan. Mutanen ƙauyensu sun watse tun makon jiya, an ce an gan shi a Gusau da buhu a ka. Ko ɗan naka ya zo, babu mai tsaga shi. Na san da haka tun kahin Tijjani shi iso, kuma ban aiko na janye maganata ba. Ka san dalili? So nake in gan shi. Da waya na aiki, da na ji muryarsa na san ko ƙarya kuke min, ko daga yadda zai ce Inna. Nan ba mu da komi sai jita-jita da ƙarar abin da ba mu son ji. Mutum shina zaune cikin gida kamar an kihwa mishi kwando, sai shi yi ta saƙa. Na saƙa, na aiko, ga abin da ya haihwar.

Kada ka sa shi a mota. Ko ya roƙe ka, kada ka sa shi.

Wanga ka ba shi shi karanta da kansa, tun da ya iya buɗe takardun manya.

Kai, ɗan nan. Na janye maganata ta hwarko, ka kwance jakarka. Na yahe maka ƙaryar da ka yi wa kocinku, ka je ka ba shi haƙuri. Ga wata kuma, ka buɗe kunne. Kada hannunka shi taɓa ƙwallo, na dama ko na hagu, ko ɗauka ko jihwa ko tarewa, sai ranar da likitar nan marar dariya ta ce ka taɓa, kuma sai Kawunka ya ji da kunnensa. Babu allura, babu ƙwaya. Robar nan ka ja ta yadda aka ce, ba ƙari ba ragi. In ka saɓa, ban yahe ba. Kada ka tsaya neman ƙohwa a cikin wagga magana, na sa Mardiyya ta duba, babu.

Ila, yaron da ya riƙo mishi takalma, ka ce ina gaishe shi, Allah shi yi mishi albarka. Amma a raba musu kwano.

Zancen asali da na ce zan amsa: kakanka a zauren kakana ya koyi sa hula.

Harira

*

Unguwar Dosa
Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata Harira,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Zancen hula na ji, zan bincika.

Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, yana bin layin da yatsa. Na san ƙofa yake nema. Da ya gama ya ce, "Har hagu, Kawu." Na ce har hagu. Ya shiga ɗaki ya rufe, bai fito ba sai la'asar. Da ya fito ya kwance jaka, ya tafi wurin taga.

Ranar zaɓe ta zo ta wuce. Bai fita ko ƙofar gida ba. Ya wanke fararen kayansa da hannu ɗaya, ya shanya, ya zauna yana kallon su suna bushewa. An zaɓi Yusuf. Da daddare bai zo ba, washegari ma bai zo ba, sai da Mansur ya je Abakpa da ƙafarsa ya taho da shi. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Kwano an raba, kamar yadda kika yi umarni. Kowa yana cin nasa, in ya gama ya sa hannu a na ɗan'uwansa.

Likita ta duba shi makon jiya. Ta ce yana tafiya daidai, da sauran watanni. Ƙirjin ya ɗan sauka, riga ta fara shiga. Ba ya fara'a, ba zan ɓoye miki ba. Yana zagaya tsakar gida kamar ragon da aka saya tun Sallah da saura.

Jiya motarsu ta tashi zuwa Kudu, muka je rakiya. Yara sun cika bas suna waƙa, koci yana ƙirga kai. Mansur yana tsaye a gefena, hannuwa a baya. Da mota ta fara motsi, Yusuf ya leƙo ta taga, ya mance ko kuwa murna ce ta ɗebe shi, ya kira sunansa ya wurgo masa sabon ƙwallo, ja wur, a hankali, daidai ƙirji. Yaron da in kin jefa masa lemo yana barci zai cafe.

Na ga yatsunsa sun buɗe a bayansa. Sai ya damƙe hannu da hannu, ya ɗan kauce. Ƙwallon ya wuce ta gefensa ya faɗi, ya gangara ya tsaya a bakin kwata. Waƙar da ke cikin bas ta yanke. Shi bai kalli ƙasa ba.

Ni na sunkuya na ɗauka. Na ga bai kamata a bar shi a nan ba, bai kamata kuma ya bi mu gida ba. Na ja da baya, na juya hannu ta sama kamar yadda na ga suna yi, na sake shi da iya ƙarfina wajen motar. Bai kai rabin hanya ba. Wani mai rake ne ya ƙarasa da shi. A nan ne ɗanki ya yi dariya, ta farko tun kafin Maulidi, har yana dafa ni.

Tun jiya kafaɗata ke ciwo, da hagu nake shan shayi. Jifa ne, Harira. Kada ki gaya wa malaminki.

Naki,
Ila